Injinan wankin Baba suna gasuwa a gareji, ƙannena sun ce a kira 'yan gwangwan

Assalamu alaikum Kawu, ya iyali ya zafi. Dan Allah shawara nake nema akan wani abu da nasan wasu zasu ce rashin aikin yi ne. Mahaifinmu Allah ya yi masa rasuwa bara bayan babbar sallah, shi a rayuwarsa gyaran kayan wuta yayi, ya daɗe yana yiwa kwarori da turawan kamfanonin Bompai aiki a gidajensu, to duk injin wankin da suka ce sun gaji dashi sai ya ɗauko ya kawo gida ya gyara abinsa. Yanzu guda huɗu ne a garejin gidanmu na Tarauni. Akwai Hoovermatic mai baki biyu, akwai National shima mai baki biyu wanda Hajiyarmu ta taho dashi daga Saudiyya tun muna yara, akwai wani Maytag mai ƙafa huɗu da rola biyu na matse kaya a samansa, sai wani mai ƙofa a gaba na wajajen 1985. Garejin rufin kwano ne ba silin, janareta ma a ciki yake, da azahar in ka shiga kamar gidan burodi. Na sayo ƙatuwar leda zan naɗe su. Ƙannena maza biyu sun ce a kira 'yan gwangwan su auna a raba kuɗin kowa ya huta, matata kuma tace mota tana kwana a waje saboda tarkace. Ni kuwa in na kalle su wallahi Baba nake gani a tsugune da sukundireba. Zafin nan zai lalata su ne? Ya zanyi?

Daga wani bawan Allah, Tarauni

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya jiƙan Baba, ya sa can ta fi masa nan, ku kuma ya ƙara muku haƙuri. Ba rashin aikin yi bane, wanda bai taɓa buɗe akwatin mamaci yaji ƙamshin turarensa ya bugo shi ba shi ne zai faɗi haka.

Amma kafin komai, ledar nan da ka sayo ka ajiye ta gefe, ka baiwa uwargida ta rufe buhun masara da ita ko wani abin, kar ka kuskura ka naɗe inji da ita. Na fara da wannan ne saboda kar ka karanta rabi a kira sallah ka tashi, ka dawo ka hau naɗi.

To zafi. Gaskiya ne Kano daga Maris zuwa Mayu ba wasa, a inuwa ma ana kaiwa digiri 40 har a ɗan haura, ƙarƙashin kwanon da ba silin kuwa kar kayi mamaki in ka rataye ma'auni da ƙarfe biyu na rana kaga ya doshi 50. Mutum ne wannan yake wahalarwa, ƙarfe ko a jikinsa. Ka tuna fa abin da aka ƙera waɗannan injinan suyi, ruwan zafi ake zuba musu, mai ƙofa a gaban nan naka shi da kansa yake dafa ruwa ya kai digiri 60 wani lokaci har 90, kuma wayar da aka naɗe moto da ita an yi ta ne ta jure sama da digiri 100 tana cikin aiki. Don haka gangar jiki da moto da giya, zafin garejinku ba zai musu komai ba ko da sun shekara goma a ciki. Inda zafi yake cin amana shi ne roba. Tiyo, bel, sil ɗin da ke tare ruwa kar ya gangara kan moto, robar bakin ƙofa, rolar Maytag ɗin nan, da rigar wayoyi. Roba tana da ɗan maiƙo a jikinta da ke sa ta laushi, zafi yana tsotse shi a hankali a hankali, sai ta bushe tayi tauri ta fara tsagewa kamar faso a ƙafar manomi, wata irin kuma narkewa take tayi danƙo tana kama hannu. Sai filastik, musamman na National ɗin da murfinsa da maɓallansa duk shi ne, yana yin ja-ja ya zama kamar busasshen ƙwai, taɓawa kaɗan ya fashe, kuma hasken rana ya fi zafi saurin yi masa haka, in akwai inda rana ke leƙowa ta sauka a kansa ka matsar dashi yau. Sai kafasita, ɗan abin da ke riƙe wuta ya taimaka wa moto ya tashi, masu gyara suna da lissafin da suke yi cewa irin mai ruwa-ruwa a ciki duk ƙarin digiri 10 yana rage masa rabin kwana. Shi wannan da sauƙi, ana samun sabo a France Road ko cikin kasuwar Sabon Gari a canza. Robar ƙofar injin 1985 ce ba zaka samu ba ko ka zaga Kano da ƙafa.

Shi yasa abu mafi arha kuma mafi amfani da zaka yi shi ne ka raba roba da gareji. Duk abin roba da zai ciru ba tare da an yi masa dole ba, bel da tiyon waje da makamantansu, ka ɗauki hotonsa da waya tukuna yadda yake a ɗaure, ka cire, ka goge, ka barbaɗa masa hoda irin ta jarirai, ka saka a jaka ka rubuta na wane inji ne, ka kai cikin gida ƙasan gado ko ƙasan wadirob inda ba rana ba zafi. Wanda ba zai ciru ba ka shafa masa giris ɗin silikon ko giliserin ɗin da ake sayarwa a kemis. Banda baƙin mai, banda basilin, banda kananzir, banda man birki. Na san mu nan duk abin da ya bushe baƙin mai muke lafta masa, to robar da ta daɗe in ta sha man fetur da danginsa kumbura take ta ruɓe. Bel ɗin da ka bari a jiki ka sassauta shi kar ya shekara a ɗame wuri ɗaya. Rolar Maytag kuwa akwai abin saki a samanta, ka sake shi rolar biyu su rabu, ka sa ɗan kwali a tsakani, in ba haka ba zafi zai manne su ko su yi shafaffen gefe, ranar da ka kunna kaji suna tafiya ɗingis ɗingis.

Yanzu ga ainihin mai kisan, ruwa. Kai kana kallon sama kana tsoron kwano, ɓarnar tana ƙasa. Duk injin wankin da aka taɓa amfani dashi, ko an ce an zubar da ruwan, akwai saura a famfon da ke fitar da ruwa da lanƙwasar tiyo da ƙasan ganga, wani ya kai kofi wani ya kai kwanon sha. Ruwan nan ga sabulu ga dattin kaya, in kuma na burtsatse ne ko na rijiya ga gishiri-gishirin da yake bari, yana nan kwance wata da watanni yana cin ƙarfe, ya kama shaf ɗin famfo, ya shiga boris yayi tsatsa. Zafi kuma sai ya taya shi, da rana ruwan ya tashi ya zama tururi, da asuba ƙarfe ya huce tururin ya koma raɓa ya sauka akan waya da tayima, wato agogon da ke ƙidaya lokacin wanki. To ka ɗauko leda ka naɗe, me kayi? Ka haɗa tukunyar dambu kenan, ka rufe madambaci ruf.

Ni na gani da idona ba labari aka bani ba. Lokacin da muka tashi daga Fagge, injin mahaifiyata mai baki biyu na naɗe shi da leda har da igiya, ina ji da kaina wai na iya adana. Damina biyu ya yi a haka a shagon wani abokina. Ranar da na kwance wari ne ya fara min sallama, ƙasan duk ya zama garin tsatsa ina taɓawa yatsana ya shige, ga ɓera ya shiga ta ƙasa ya tara tsumma ya haihu a gefen moto. Na kaiwa wani mai gyara ya duba ko moton zai tsira, bayan sati uku na koma yace ai ya ƙone tuntuni, da na karɓo naji ba nauyi, ashe jan ƙarfen cikin ne aka zare. Ban ce komai ba, laifina ne tun farko. Har ta rasu in maganar ta taso sai tace kai dai ka dafa min inji.

Don haka ka zaɓi rana ɗaya mai zafi sosai, a nan kam zafin Kano abokinka ne. Ka fito dasu tsakar gida inuwa, ka sauke tiyon fitar ruwa har ƙasa, ka ɗan karkata kowanne gaba da baya ruwan ya tsiyaye. Mai ƙofa a gaba yawanci yana da ɗan murfi a ƙasa ta gaba, nan matatar famfo take, ka sa faranti ka kwance a hankali, kar kayi mamaki in ka tarar da kwabo da sisi da maɓallin riga a ciki. Ka zaro aljihun sabulu ka wanke, ka bi cikin lanƙwasar robar ƙofa da tsumma. In akwai farin dasashi a ganga ruwan khal da ruwan ɗumi yana cire shi, amma ka ɗauraye sosai bayan nan. Sai ka bar su a buɗe kwana biyu uku iska ta ratsa. Maytag ɗin kaɗai ne ban yarda a kwantar dashi ba ko a wajen ɗauka, akwai mai a cikin akwatin giyarsa, in ya kwanta man zai bi ta inda bai kamata ba ya zubo, a tsaye ake ɗaukarsa kamar amarya. Inda fenti ya ɓare tsatsa ta fara, ɗan sanfefa da jan fentin tsatsa ya wadatar, kar ka bari wani yace zai fesa maka shi gaba ɗaya ya dawo sabo, tsohon fentin nan da tambarin kamfani su ne darajarsa.

Rufi kuma tsohon zanin gado na auduga ko atamfar da Hajiya ta daina ɗaurawa, abin da zai tare ƙura amma iska ta wuce. Ƙurar hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu kasan halinta, ba inda bata shiga, in ta haɗu da tsohon giris sai ta zama kamar taɓo a cikin tayima. Murfi da ƙofa kar a rufe su gam, a sa ɗan tsumma a bar kafa. Amma in akwai yara a gidan, kuma gidan gado baya rasa yara, to garejin ya zama da kwaɗo kullum. Yaro yana ɓuya ya shige cikin ganga ƙofa ta rufe a wannan zafin, Allah ya kiyaye, ba sai na ƙarasa ba. Rolar Maytag ma in tana juyawa bata san hannu da zani ba, duk ja take.

Sai su ɓera da jama'arsa. An ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, to injin wanki shi ta ƙasa a buɗe yake tun daga kamfani, ba sai ya tsage ba. Ɓera yana cin rigar waya da tiyo, fitsarinsa kuma yana cin ƙarfe, kyankyaso yana son cikin tayima, zanzaro yana gina ɗakinsa na laka a cikin moto, tsaka ta mutu akan waya ranar da ka kunna kaji tas. Ka samu ragar ƙarfe mai ƙananan ido a Kofar Ruwa ka rufe ƙasan kowanne da bayansa, bakin tiyo ka ɗaure shi da ƙyalle. Tarko ya fi shinkafar ɓera, don wanda yaci guba cikin injin zai je ya mutu, ga kuma yara da kaji. Kafur yana taimakawa amma a ɗan gwangwani zaka zuba, kar ya zauna kai tsaye akan filastik. Kuma in ana ajiye hatsi ko dusa a garejin to kai ne ka aika musu katin gayyata.

Kar su zauna a ƙasa. Siminti yana jan danshi, kuma ruwan Agusta a Kano kasan yadda yake, awa ɗaya kwata ta cika ruwa ya biyo ta ƙasan ƙofar gareji. Bulo ka jera, ka ɗora falanki a kai, sannan inji. Bulon ne a ƙasa ba katako ba saboda gara. Ka bar kamar taki ɗaya tsakaninsu da bango, musamman bangon yamma da ke shan ranar la'asar yana fitar da zafin har tsakar dare, kuma kar a mayar da samansu kanta, nasan halin gidajenmu, yau a ɗora tsohuwar taya gobe buhun siminti jibi kujerun biki.

Janareta kam sai ya fita. Wannan ba ma don injinan kaɗai ba. Hayaƙinsa da tururin fetur da ɗan tartsatsin da yake yi a ciki duk suna tsufar da roba da sauri, yana ƙara zafi akan zafi, kuma hayaƙin janareta a rufaffen wuri yana kashe mutane cikin barci ba tare da sun ji warin komai ba, mun sha jin irin wannan. Ka sa a yi masa ɗan keji a waje nesa da taga. Haka batirin mota ko na sola mai ruwan asid, da takin zamani, da bilic, da gishiri, duk maƙiyan ƙarfe ne, su ma a raba musu ɗaki.

Garejin kansa in da hali ka huda bango ta sama gefe biyu a sa raga, zafi sama yake taruwa, in ya samu hanya zai fice. Silin ko na kwali ne yana rage abu mai yawa, in ba kuɗi zana ko tabarmar kaba a ƙarƙashin kwanon ma ba laifi, farin fenti a saman kwano shima yana korar rana. Kakanninmu da suka yi soro da azara da ƙasa a cikin birni ba wauta suka yi ba, shiga Gidan Makama da rana tsaka kaji yadda ɗakunan suke, mu ne muka ga kwano muka ce ci gaba. Amma kar ka ci bashi akan wannan, injin da ya bushe aka cire masa roba zai zauna lafiya ko ba silin.

Wani abu da nake so ka kiyaye sosai, kar ranar da shauƙin Baba ya taso maka ka ɗauki fulogi ka soka a soket kawai. A bayan kowanne akwai ɗan faranti da aka rubuta wutar da yake sha. Mu nan ƙarfin wutarmu volt 230 ne, hertz 50. Hoovermatic ɗan Birtaniya ne, a 1957 aka fara fito dashi, a masana'antar Hoover ta Merthyr Tydfil a yankin Wales ake ƙera shi, wutarsu irin tamu ce don haka ba matsala. Maytag kuwa daga garin Newton na jihar Iowa a Amurka yake, irin mai rolar nan sun daina yinsa tun 1983, kuma wutar gidajen Amurka 110 zuwa 120 ce, in ba an canza masa moto ba ka soka shi a tamu hayaƙi zaka gani, sai da taransifoma mai rage wuta. Ka duba cikin tarkacen Baba, ina kyautata zaton akwai wani ɗan akwati mai nauyin tsiya a kusa dashi, shi ne, kar a bari ya bi 'yan jari bola. National ɗin Hajiya ma ka duba shi da kyau, a Saudiyya ta wancan lokacin akwai gidaje masu 127 akwai masu 220, kaya iri biyu ake sayarwa a kasuwa, alhazai da yawa sun ƙona rediyo da dutsen guga a haka. Sunan National ɗin ma yanzu babu shi, kamfanin ya koma Panasonic gaba ɗaya a 2008.

Kafin wuta ta shiga, a juya moto da ganga da hannu a ji basu kame ba. A zuba ruwan ɗumi a bar shi ya ɗan jima, yana tausasa sil, kai kuma ka leƙa ƙasa da tocila ka ga ko yana ɗiga. A duba wayar fulogi, ta da can rigarta tana farfashewa, canza ta ba tsada. A tabbatar akwai wayar atin, wato ta ukun da ke kai wuta ƙasa in ta taɓa gangar jiki, kuma soket ɗin ma yana da ita, gangar ƙarfe ce da ruwa da mutum ba takalmi, kaga kuwa. In kaga kafasita irin mai gwangwani ya kumbura ko yana zubar da mai kar ka taɓa da hannu, wasu na kafin 1980 man cikinsu guba ne, kuma kafasita yana iya riƙe wuta ko an zare fulogi. Ka nemo tsohon mai gyara, cikin abokan Baba ko yaran da ya koyar ba za a rasa ba, ya zo gida yayi a gabanka. A gabanka nace, ka tuna labarina.

Wanda aka samu yana aiki a riƙa tada shi duk wata biyu ko uku ko na minti goma ne, sannan a tsiyaye a busar kamar yadda na faɗa. Inji kamar ƙafar tsoho ne, zama ke kashe shi. Kuma a nan ne nake so ka yiwa kanka gaskiya, zaka iya yiwa guda huɗu wannan hidimar shekara da shekaru, ga aiki ga yara ga cefane? Baba ya iya saboda sana'arsa ce kuma abin sonsa ne, yana jin ƙarar boris ya san ciwon. Kai Baban kake so ba injin ba, kuma ba aibu bane.

Ƙannenka kuma, kar ka riƙe su a zuciya. Ka ce min garejin gidanmu, ka ce Baba ya rasu bara, baka ce an raba gado ba. In ba a raba ba to injinan nan uku ba naka bane kai kaɗai, na magada ne duka, Hajiya tana da tumuninta a ciki, mata in akwai suna da rabonsu, kowane namiji yana da nasa, ko allura mamaci ya bari hukuncinta kenan. Ashe kaga da suke cewa a sayar ba rashin kunya suka yi ba, haƙƙinsu suke magana akai, wataƙila wani kuɗin makarantar yara ne ya dame shi bai faɗa maka ba. National ɗin daban ne, in Hajiya ce ta sayo da kuɗinta to nata ne ba gado bane, ba mai auna shi sai da izininta.

Hanyar mai sauƙi ce. Ka kira ɗan gwangwan ɗin ya zo ya faɗi kuɗi a gaban kowa, ka kira wani na biyu don kar a ce an haɗa baki, sannan kace ni na saya a wannan farashin har da ɗan ƙari, a sa kuɗin cikin gado. Ba zai yi yawa ba, su nauyi suke saye da jan ƙarfen moto, tarihi baya hawa sikeli. In kuma suka ce sun yafe maka to a faɗa a gaban shaidu, da bakin kowa, har matan, kar a ce wane ya wakilci wance. In akwai ƙananan yara marayu cikin magada ba a yafe rabonsu, sai an biya, ka tambayi malamin da zai raba muku gadon zai yi maka bayani. Abin da nake gudar maka shi ne ka kashe kuɗi da lokaci ka gyara, shekara biyar nan gaba wani ya ji ance tsofaffin kaya suna tsada a intanet ya taso da magana. Kuma kar kai ma ka sa rai da wannan tsadar, masu tara irin waɗannan injinan yawanci a Turai da Amurka suke, kuɗin aika Maytag can zai iya ninka kuɗinsa.

In ni ne kai biyu zan riƙe. Hoovermatic da Maytag, su ne suka fi tsufa, su ne ƙarfe ya fi yawa a jikinsu, su ne kuma zasu jure garejin. Mai ƙofa a gaban nan shi ne ya fi kowa roba da wayoyi da saurin lalacewa kuma shi ne ya fi cin wuri, in yana aiki a bayar dashi sadaka ga Baba, gidan marayu ko wata bazawara mai wankau, ladan ya isa kabarinsa, in baya aiki a cire abin da zai yi amfani sauran a baiwa 'yan gwangwan ɗin, ƙannenka su ga kai ma ka sassauta. Biyu a jere a jikin bango akan bulo ba zasu hana mota shiga ba, uwargida ma tana da gaskiya, motar da ke kwana a waje a garin nan ana iya wayar gari ba batir ba madubi, kar ka bari abin ya zama wai ka fifita tsohon ƙarfe akan maganarta. Ka kira ta ta tayaka zaɓar zanin rufin ma, mata in an sa su cikin abu sun fi mu riƙe shi.

National kuwa bai kamata ya kwana a gareji ba sam. Filastik ne, shi zafin zai fi ci, kuma mai shi tana raye. Ka sa a duba shi, in ya tashi ka kai shi ɓangaren Hajiya a ajiye a baranda inuwa, irin waɗannan basa shan wuta sosai kuma basa buƙatar famfo, da bokiti ake cika su, daidai da rayuwar Kano ta 'yan garuwa. Ranar Asabar ka je da kanka ka wanke mata mayafai a ciki, ka tambaye ta nawa ta saye shi da yadda aka yi ya hau jirgi, ka kunna rikodin a wayarka kafin ta fara.

Ka yi duk wannan kafin ruwan farko ya sauka, kuma ka turo min hoton farantin bayan Maytag ɗin in gani. Ka gaida Hajiya.